Tarkacen Ɗakin Hajiya Da Buhunan Fastocin Da Ke Ɗakina

Yau ba maganar kujera na zo da ita ba, masu jiran raddi su yi haƙuri sai wani makon. Wani abu ne ya faru a gidanmu da ya daɗe yana ci na a rai, kuma na san da wuya a samu mai karanta wannan rubutu da babu irinsa a gidansu ko a danginsu.

Mahaifiyarmu tana da ɗaki ciki da falo a gidanmu na cikin birnin Kano. Uwar ɗakan nan, shekara da shekaru babu wanda ya san kalar simintin ƙasanta. Kwallaye da samiru da fantekoki tun na jeren aurenta, gwangwanayen madara, robobin fenti, ledoji an ninke an cusa cikin wasu ledojin, atamfofin da suka koɗe, keken ɗinki da ya mutu tun ina firamare, rediyo biyu marasa magana, risho, fitilar ƙwai mara ƙwai. 'Yar siririyar hanya ce kawai ta rage daga ƙofa zuwa gado, daga baya gadon ma kaya suka cinye shi, ta dawo kwana a falo. Taga kuwa an manta ana buɗe ta. Duk abin da ka ɗaga ka ce a zubar, amsa ɗaya ce: “Ajiye min, wata rana zai yi amfani.”

Da damina ta yi ƙarfi bangon ɗakin ya jiƙe, wari ya fara fitowa har tsakar gida, ɓeraye suka mai da wurin gidan gadonsu. Sai ni da yayana da ƙanwarmu muka ƙulla shawara. Hajiya ta tafi biki Gaya za ta kwana uku, ko tasha ba ta kai ba muka kira 'yan gwangwan. Suka auna ƙarafa da dalma a kan sikeli suka ba mu abin da bai taka kara ya karya ba, mai kura ya yi sawu huɗu zuwa bola, sauran muka cinna musu wuta a bayan gida. Muka yi fenti, muka shimfiɗa sabuwar leda, muka rataya labule. Ni da kaina na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na dangi, aka yi ta sa mana albarka. Wallahi a ranar ji nake kamar na biya ta rabin nonon da na sha.

Ta dawo da la'asar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, ba ta yi faɗa ba. Can sai ta ce, “Ina jan gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gado?” Na ce, “Wanne Hajiya? Ai gwangwanayen da yawa.” Sai ta zauna a ƙasa a inda take.

Ashe a cikin gwangwanin nan akwai katin asibiti da 'yar hular saƙa ta ɗanta na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke tun kafin a haife ni. Ba shi da hoto ko ɗaya. Ta ce da mu, “Su kaɗai ne shaidar ya taɓa zuwa duniya.” Na hau babur har wurin 'yan gwangwan, na tona tarin ƙarafa da hannuna har magariba, babu shi babu dalilinsa. Kwana biyu Hajiya ba ta ci abin kirki ba, jininta ya hau, sai da muka dangana da asibiti. Kuma ku ji ƙarshen aikin namu: kafin wata biyar ɗakin ya sake cika, wannan karon har da kwaɗo a ƙofa, mukullin yana ƙulle a bakin zaninta.

Tun daga nan nake sauraron yadda mutanenmu ke fassara irin wannan hali. Wasu su ce ƙazanta ce, wasu su ce rowa, wasu kuma su tsallaka su ce aljanu ne ko sammu. Ni dai abin da na gani da idona tsoro ne. Hajiya ba ƙazama ba ce, tsakar gidanta sau biyu ake share shi a rana. Ba marowaciya ba ce, almajiran unguwa sun san ƙofarta. Amma ka ɗauki gwangwani ɗaya ka nufi waje da shi, za ka ga hannunta yana rawa.

Mu tuna zamanin da ya tarbiyyantar da iyayenmu. A 1982 gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu. A 1984 mutane suka riƙa bin dogon layi don sabulu da madara da sukari, a shekarar kuma aka canza launin kuɗi cikin 'yan kwanaki, masu ajiya a gida da yawa suka tafka asara. A 1986 Babangida ya kawo SAP, darajar naira ta fara gangarowa. Matar da ta yi renon 'ya'ya a waɗannan shekaru ta koyi darasi ɗaya: abin da ke hannunka shi ne naka. Ga kuma al'adar jere, wadda a wurin matan da ba ado ba ce kawai, banki ce. In ciwo ya zo ko auren 'ya ya taso, a sauke kwalla a kai dillaliya. Mu da muke musu dariya, mun manta farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, muna da kuɗi a asusu amma muna kwana a layin ATM? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To amma kada a fahimce ni a baibai. Tattali daban, wannan daban. Mai tattali ya san abin da ya ajiye, ya san inda yake, ranar buƙata ya ɗauko. Abin ya zama matsala ne idan kaya suka kori mutum daga gadonsa, ya daina barin baƙi su shiga ɗakinsa don kunya, kuma rabuwa da ledar banza ta jefa shi cikin fargaba kamar an yi masa mutuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan a matsayin larura mai zaman kanta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware mata gurbi a kundinta a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka ta a sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Sau da yawa tana tafiya tare da damuwa da baƙin ciki, tana ƙaruwa da shekaru, kuma rashin wani makusanci yakan tsananta ta. Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, masana sun daɗe suna gargaɗin cewa kwashe kayan mutum da ƙarfi ko a bayan idonsa ba ya magani, ɗakin yakan sake cika, sai dai a yi asarar yardar da ke tsakani. Daidai abin da muka yi ke nan, har muna karɓar sa albarka.

Kuma ba ciwon talaka ba ne kawai. A birnin New York, a 1947, an tsinci gawar wasu 'yan uwa biyu 'yan gidan masu hali, Homer da Langley Collyer, a cikin gidansu na unguwar Harlem. Tarin kaya ne ya rufto wa Langley ya mutu, shi kuma Homer, makaho ne da ba ya iya tashi, yunwa ta ƙarasa shi. Tarkacen da aka fitar daga gidan ya haura tan 100.

Na san wani zai ce, to a ƙyale su mana, ɗakinta ne, kayanta ne. Nan ma ban yarda ba. Ɓeran da ke kwana cikin tsummokaran nan shi ke zagayawa kan kwanon abincin jikoki, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, har yau kuma duk rani sai ya yi kisa a ƙasar nan. Ga hunturu, lokacin da ake shiga ɗaki da kaskon wuta, ga tsofaffin wayoyin lantarki a bayan tarin katifa da takardu, a lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ga magungunan da wa'adinsu ya wuce ana ajiye da su “saboda dare”. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa tana ratsa kaya cikin duhu za ta fita alwalar asuba. Ƙyalewa ba tausayi ba ne. Abin da nake cewa, a yi gyaran tare da mai ɗakin, ko da zai ɗauki shekara.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, tun da laifi tudu ne. Ina cikin ba wa maiɗakina labarin ɗakin Hajiya ya sake cika, sai ta yi murmushi ta ce, “Ranka ya daɗe shugaban matasa, zo in nuna maka wani abu.” Ta buɗe ɗan sitonmu. Buhuna shida na fastocin 2015 da 2019 da 2023. Banoni a nannaɗe, huluna, riguna masu hotuna, har da na wani da ya sauya sheƙa sau biyu tun bayan buga su. Matattun wayoyi bakwai, cajoji sun sarƙe kamar taliya, takardun karatuna na difloma da ban sake buɗewa ba tun ranar jarrabawar ƙarshe. Ita kuma buhun shinkafarta yana tsakar ɗaki don babu wuri.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gobe zan fitar. Kai jama'a! Da na ɗaga buhun farko sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Wata zuciya ta ce min, in ka zubar ka ci amanar tafiya. Wata ta ce, ranar da za a zo rabon romo, da me za ka nuna ka sha rana? A nan na gane fastocin nan rasiɗai ne nake ajiyewa na wahalar da nake tsoron a manta. Na san da yawanku kuna da irin buhunan nan, kada ma ku musa. Mu da muke da digiri da difloma, tsoronmu da na Hajiya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Abin da ya fara yi mana aiki a gida, ƙanwarmu ce ta gano shi, ba ni ba. Da farko muka je mu uku muka durƙusa muka ba Hajiya haƙuri, ba tare da “ai don lafiyarki muka yi” ba. Muka yi mata alkawarin ko tsinke ba zai sake fita ba sai da izininta. Sannan duk Asabar bayan azahar ƙanwar tamu takan je su zauna su buɗe akwati ɗaya ko kwali ɗaya, rabin awa kawai. Hajiya ce ke ɗaga kowane abu da hannunta, ta ba da labarinsa in tana so, ita ce mai yanke hukunci. Wata Asabar ɗin ledoji biyar ne kawai ke fita. Aka fara da abin da ya shafi rai: hanyar ƙofa, taga, kayan da ke jikin soket, tsofaffin magunguna.

Babban sirrin kuma, kalmar “zubarwa” ce ba ta so. Ranar da aka ce mata akwai wata marainiya a layinmu da za a aurar babu kayan ɗaki, da kanta ta sauke kwallaye saiti biyu ta wanke ta goge. Abin da ta kasa bai wa bola, ta bai wa Allah cikin daɗin rai. Takardu masu ayoyi da sunayen Allah, waɗanda dama su ne hujjarta ta ƙin taɓa kowace takarda, aka ware su aka ƙona a wuri mai tsarki aka binne tokar. Takardun gida da na gona aka sa su a fayil guda.

Gargaɗi biyu ga masu shirin shiga ɗakin iyaye. Idan kayan mamaci ne, ba naka ba ne kai kaɗai, haƙƙin magada ne, ko tsohuwar rediyo ce sai an yi shawara kafin a kira ɗan gwangwan. Idan kuma abin ya kai mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana kwaso shara daga waje yana shigowa da ita, a ga likita. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, maganin ma galibi zama ne da tattaunawa a koya wa mutum rabuwa da kaya sannu a hankali. A haɗa da addu'a, babu wanda ya hana.

Ga 'yan uwana shugabannin matasa na mazaɓu, ina da shawara. Ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, maimakon mu riƙe tsintsiya a yi mana hoto mu watse, mu sa rumfa a ƙofar mai unguwa mu karɓi tufafi da kwanuka da katifu masu sauran amfani, mu kai wa marayu da 'yan gudun hijira. Iyayenmu za su fito da kaya da hannunsu in sun san inda za su. Amma kowa ya fara kawo na sitonsa.

Ni dai buhuna huɗu sun fita. Banonin na bai wa mai kayan miya na bakin layinmu ya yi rumfa da su, kullum in na wuce sai in ga fuskar ɗan takararmu tana kare tumatir daga rana. Saura buhu biyu, maiɗakina ta ba ni wa'adi zuwa azumi. Hajiya kuma satin da ya wuce ta koma kwana a kan gadonta, tagar a buɗe. Mukullin dai har yanzu yana bakin zaninta, kuma babu wanda ya isa ya tambaye ta.