Kama Da Wane Ba Ta Wane

Yanzu wake ya fara fure a ƙasar Gaya da Ajingi, ko'ina ka duba manomi ne goye da tankin feshi. Da ya hangi ƙwaro a kan ganye sai ya ce ga ɓarawo. To, a nan a ke yin kuskure, gama cikin ƙwarin nan akwai mai yi wa manomi ƙodago ba lada.

Masana sun kasa ƙwari kashi kashi, suna duban baki da fiffike. Akwai masu tauna, kamar fara da gara. Akwai masu tsotso da baki kamar allura, irin su kuɗin cizo da ƙwarin da ke tsotse ƙwayar wake tun tana ɗanya har kwasfa ta yanƙwane. A cikin masu tsotson nan akwai wani gida da Turawa ke kira makasa, iri wajen 7,000 a duniya. Waɗanda a ke gani a gona ba ruwansu da shuka, abincinsu tsutsa da sauran ƙwari. Watau a zuriya dangin maɓarnata ne, amma a sana'a abokan ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro ne. Ƙoƙi-ƙoƙi kan cafke ya tauna, zanzaro kan harbi tsutsa ya kai wa 'ya'yansa ɗakin laka, shi kuwa makashi sai ya soke ta, ya ɗura mata yawu mai narkar da ciki, ya tsotse, ya yar da fanko.

Gane shi ba wuya. Kansa siriri ne, da ɗan wuya, bakinsa gajere mai kauri, a lanƙwashe ƙarƙashin ƙirji kamar lauje. Mai ɓarnar wake kuwa bakinsa dogo ne siriri, a miƙe. Amma kada a kama makashi da hannu, gama sukarsa akwai zafi.

Ba cewa a ke yi a bar feshi ba. Kowa ya san wake ba ya yin kirki in ba magani, makashi shi kaɗai kuwa ba ya iya tsare gona. Abin lura shi ne, magani ba ya tambayar wane ne aboki. In aka yi ta kwarara shi kowane mako, makasa su kan mutu, maɓarnata kuwa da ya ke sun fi saurin haihuwa sai su dawo su tarar ba mai tsaro. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Sabo da haka ya kamata manomi ya zaga gonarsa da sassafe, ya duba kafin ya haɗa magani. Feshi biyu ko uku kan lokaci, daga fitowar fure zuwa ɗaurin kwasfa, sun fi goma na gaira ba dalili. Masu sayad da magani a kasuwa su ma su ji tsoron Allah, su daina cusa wa talaka kwalbar da ba ya bukata. Wanda ya yi shakka ya sa ƙwaron a gwangwani ya kai wa malamin gona.

Allah ya ba da kaka mai albarka, amin.