Wace Tasha Ce Kuɗin Lasisin Talabijin Ɗinmu Ke Riƙewa?

Akwai wani layi a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 wanda yawancin mazauna Kubwa ba su taɓa karantawa ba, kuma shi ne ya ba ƙaramar hukuma ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Idan kana da akwatin talabijin a shagon askinka a Phase 4, ko a ɗan gidan abincinki a Byazhin, a idon wannan layi ana binka bashi. Babu ruwansa da ko an kawo wuta a makon nan. Babu ruwansa da cewa da guminka ka sayi akwatin, ka biya harajin VAT na kashi 7.5 a kansa, kana biyan DStv ko Startimes duk wata, kana sayen man janareta domin ya kunnu. Mallakar akwatin kaɗai ta isa a kawo maka takarda.

A 2025 jaridu suka ruwaito cewa hukumar AMAC, wadda ke riƙe da tsakiyar birnin Abuja, ta aika wa wani kamfani takardar neman naira 500,000 da sunan wannan lasisi. Mutane suka yi ta mamaki kamar sabon abu ne. Tsohon abu ne, ƙura aka kakkaɓe masa. Mu a Kubwa ƙarƙashin Bwari muke, amma ikon da AMAC ta dogara da shi, shi ne dai a hannun Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu kare wannan kuɗi suna da amsa guda da ba sa gajiya da maimaita ta: ai ko a Ingila ana biya. To mu je Ingilar. Gaskiya ne ana biya, a Afrilun 2025 an yanke shi fam 174.50 a shekara. Amma kowane Bature ya san inda kuɗinsa ke shiga. BBC ake riƙewa da shi, kuma saboda haka tashoshinta na cikin gida ba sa katse maka shiri su saka talla. Ana buga lissafin kuɗin kowace shekara, majalisa na kiran shugabannin gidan ta titsiye su. Tun 2014 ma mafi yawan kuɗin da ke tafiyar da sashen BBC na ƙasashen waje daga wannan lasisi yake fitowa. Ke nan Sashen Hausa da iyayenmu ke kamawa tun 1957, wanda maigadi a Gbazango ke kara rediyo a kunne domin ya ji da asuba, akwai kuɗin wata tsohuwa ta Manchester a cikinsa. A Jamus kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata, kuɗin na tafiya ga ARD da ZDF da Deutschlandradio. Jamusawa na gunaguni, wasu har kotu, amma ba wanda zai ce bai san abin da aka saya masa ba. Faransa kuwa ta duba ta ga nauyi ya yi wa jama'a yawa, ta soke nata a 2022.

Yanzu a faɗa mini: wace tashar talabijin ce ƙaramar hukuma take riƙewa a Abuja? Wane shirin yara ta ɗauki nauyi da Hausa ko Gbagyi? NTA da Rediyon Najeriya daga kasafin gwamnatin tarayya suke ci, su haɗa da talla, har labarin taronka sai ka biya kafin su ɗauka. Gidaje masu zaman kansu talla ce ke ciyar da su. Shekara da shekaru ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta BON tana kukan cewa wannan kuɗi ba ya zuwa wurinsu, tana neman a gyara tsarin mulki a karɓe shi daga hannun ƙananan hukumomi. Masu watsa shirin da kansu sun ce ba sa gani. To da sunan me ake karɓa? An ɗauko sunan harajin Ingila, an bar amfaninsa a can. Wannan zalunci ne, kuma kasancewar an rubuta shi a tsarin mulki bai wanke shi ba.

Ko a Afirka inda kuɗin ke zuwa gidan talabijin na gwamnati, jama'a sun ƙi. A Afirka ta Kudu lasisin SABC rand 265 ne a shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ake bi ba sa biya. A Gana, ƙarshen 2017, aka ware kotuna na musamman domin gurfanar da masu ƙin biyan sidi 36 na lasisin GBC. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka janye batun gurfanarwar, shugaban gidan ya tafi hutun dole. Waɗannan aƙalla suna da tasha da za su nuna.

Duniya ta sha ganin haraji na rashin kan gado, kuma jama'a ba su taɓa karɓarsa hannu biyu ba. Ingila ta sa harajin taga a 1696, mai yawan tagogi ya fi biya, sai mutane suka riƙa toshe tagoginsu da bulo suna zama cikin duhu da cuta, har aka soke shi a 1851. Sarki Bitrus na Rasha ya sa wa gemu haraji a 1698. A zamaninmu, Yuganda ta ce daga Yulin 2018 sai ka biya shilin 200 a rana kafin ka buɗe Facebook ko WhatsApp; matasa suka koma VPN, kuɗin da aka yi tsammani bai shigo ba, a 2021 aka janye shi aka mayar da haraji kan data. A Lebanon, Oktoban 2019, shirin sa senti 20 a rana kan kiran WhatsApp ne ya fito da jama'a kan titi, kuma kafin wata ya ƙare Firaminista Sa'ad Hariri ya ajiye aiki. Muna karanta irin waɗannan labarai muna girgiza kai, alhali namu jerin ya fi nasu ban takaici.

Ku nemi dokar soja ta 1998 mai lamba 21, wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa. A kason ƙaramar hukuma akwai kuɗin keke, da na baro, da na amalanke, da na kwalekwale. Akwai lasisin dabbar gida. Akwai lasisin rediyon mota, daban da na rediyon ɗaki. Akwai kuɗin shagali da rufe hanya, da kuɗin allon talla, da kuɗin izinin maƙabarta. Har jangali yana nan da ransa, an ce makiyaya su biya. Yaron da ke tura baro a kasuwar Kubwa Village, wanda ya baro Katsina ko Zamfara saboda 'yan bindiga sun hana noma, wanda baron ma haya ya ɗauko, shi ne hukuma ta ga ya dace ta yanka wa tikiti kafin ya karya kumallo. Kwamitin Taiwo Oyedele da Shugaba Tinubu ya kafa ya faɗa da bakinsa cewa harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, waɗanda ake karɓa ta bayan fage kuma sun fi haka nesa ba kusa ba. An sa hannu kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, amma layin nan na Jadawali na Huɗu dokar majalisa ba ta isa ta goge shi ba. Sai an taɓa tsarin mulkin kansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun taɓa yin wannan yaƙi, kuma mun ci. Kakanninmu sun san abin da haraji da jangali suka yi musu: dagaci da dogari a ƙofar gida, a shanya magidanci a rana gaban iyalinsa, a sayar da akuyar matarsa, Bafulatani ya kwashe shanunsa ya tsallaka iyaka da dare. A kan wannan NEPU ta Malam Aminu Kano ta sha ɗauri da bulala. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna. Yau ga shi an dawo da abin ta ƙofar baya, an ba shi sunaye ashirin, an miƙa karɓarsa ga 'yan kwangila masu ɗaukar kasonsu daga abin da suka tara. Wanda cinsa ya dogara da yawan abin da ya tatsa ba zai taɓa tausaya wa mai shago ba. Shi ya sa za ka ga samari sanye da riguna masu sheƙi, da kwaɗo da sarƙa a hannu, suna barazanar rufe shago, suna ɗauke kujeru da janareta, in an yi ciniki a rage kuɗi a karɓa a hannu ba rasit.

Ba na cikin masu cewa kada a biya haraji. Gari ba ya tsayuwa babu shi, kuma Kubwa na buƙatar kuɗi fiye da yadda take samu. Amma ku dubi abin da ke gabanmu. Hanyoyin cikin unguwanni kamar Byazhin da bayan Arab Road, da damina sai ka tuɓe takalmi. Magudanai sun cushe da leda, ruwa na shiga ɗakuna. Masu gida ne ke haɗa kuɗi su cike ramuka, su biya 'yan banga, su sayi taransifoma, su biya mai kwashe shara. Madatsar ruwa ta Usuma na nan kusa da mu, amma unguwanni da yawa mai ruwa da kurarsa ne hukumar ruwansu. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, tun daga Maris, saboda an kasa biyan su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. 'Ya'yan talakawa suka yi zangon karatu guda a gida, 'ya'yan manya suna makarantun kuɗi. Hukumomin da suka bar aji a kulle wata uku, da wane ido za su dubi uban yaron su ce ya biya lasisin talabijin?

Kuma a wane lokaci? An cire tallafin mai a Mayun 2023. An ninka kuɗin wutar Band A fiye da sau uku a Afrilun 2024. An ƙara kashi 50 kan kira da data a farkon 2025. Ma'aikacin da ke fita daga Kubwa da asuba ya bi layin mota zuwa Sakatariya ko Wuse, kuɗin mota kaɗai ya cinye masa rabin albashi. Talabijin ɗin nan ita ce abin da ya rage masa: ya ji labarai, yara su kalli wasa, a ga ƙwallo ranar Asabar.

Abuja ba ta da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi mana doka. Muna da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, ɗaya daga cikinsu na wakiltar AMAC da Bwari. Ana ta zaman gyaran tsarin mulki ana kashe kuɗi a otal-otal. Su tashi su gabatar da ƙudurin cire lasisin rediyo da talabijin daga Jadawali na Huɗu. Kafin nan, kowane ciyaman ya manna a ƙofar sakatariyarsa nawa aka tara da sunan wannan lasisi a bara, wane kamfani ya tara, nawa kamfanin ya ɗauka, sauran kuma me aka yi da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu gidaje a Kubwa su daina ciniki ɗaiɗai a bakin shago. Su nemi a nuna musu dokar da ta ƙayyade kuɗin a rubuce, su ƙi biya a hannu sai ta asusun hukuma, su tara takardun da aka raba musu su kai wa kansilolinsu gaba ɗaya. Duk wanda kuma ya zo neman ƙuri'ar ciyaman ko kansila, a tambaye shi gaban jama'a ko zai dakatar da karɓar wannan kuɗi, a ɗauki amsarsa a waya.