Burtalin baduku: zare kan hanyar da nake gudun safe

1/ Duk sanda na saka hoton gudun safe sai wani ya ce min "ai ku a Turai gwamnati ta gama muku komai." Yau dai bari in amsa gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin hanyoyin da nake bi, wani tsohon baduku ne ya ƙwato wa talakawa ita. Ku biyo ni 🧵

2/ Ina zaune a Teddington, wani ɗan gari a gefen Landan ta kudu maso yamma, a bakin kogin Thames. Garin ma'aikata ne, da safe kowa ya kama jirgin ƙasa zuwa cikin birni, da dare a dawo a gajiye.

3/ Ni fa ban taɓa zama ɗan tsere ba. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa. Hawan jini kuwa shi ya kwantar da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ranar ban yi barcin kirki ba. Washegari na sayi kambas na fita, ko minti 5 ban yi ba na tsaya ina haki kamar an koro ni.

4/ Hanyata ta farko: in shiga Bushy Park ta ƙofar Teddington, in miƙe layin bishiyoyin nan da ake kira Chestnut Avenue, wajen kilomita 1.6, in zagaye tafkin Diana in juyo. Filin hekta 445 ne, shi ne na biyu a girma cikin gandayen sarauta na Landan.

5/ Akwai barewa sama da 300 da ke yawonsu sakaka a ciki. Daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin barbararsu ne, mazan sai gurnani da faɗa. Doka ta ce ka ba su tazarar mita 50. Ni nakan ba su 100, ban zo ƙasar mutane don ƙaho ya tsire ni ba 😅

6/ Ta biyu ta bakin ruwa ce. In tsallaka gadar ƙafa ta madatsar Teddington, in bi gaɓar kogi har Kingston, in haye gada zuwa Hampton Wick, in shigo filin ta nan. Babu mota, babu mai yi maka hon. A wannan ƙofar labarin yake.

7/ Mai kula da gandun, Lord Halifax, ya toshe hanyar ƙafa da ta ratsa ciki. Masu zuwa kasuwar Kingston sai sun yi dogon zagaye. Kowa ya yi gunaguni ya haƙura, don wa zai ja da ɗan sarauta?

8/ Sai wani mai ɗinkin takalma a Hampton Wick, Timothy Bennet, dattijo da ya haura 70, ya nemi lauya, ya ce da kuɗin aljihunsa zai kai ƙara. Halifax ya auna kunyar a ce baduku ya kayar da shi a kotu, ya buɗe hanya. Har gobe sunanta Cobbler's Walk, wato hanyar baduku.

9/ Wannan shi ne burtali a wajenmu. Hanya ce da kowa ya san ta jama'a ce, amma in aka yi shiru shekara biyu sai ka tarar wani ya shuka gero a kai. Bature ma ɗan Adam ne, in ya samu sarari zai katange. Bambancin kawai, an samu wanda ya ƙi yin shiru.

10/ A wannan fili dai, ranar 2 ga Oktoba 2004, Paul Sinton-Hewitt ya tara mutum 13 suka yi gudun kilomita 5. Daga nan parkrun ta samo asali. Duk Asabar ƙarfe 9 na safe, kyauta, 'yan sa-kai ke riƙe agogo. Yanzu a nan kaɗai sama da mutum 1,000 ke fitowa, kuma ana yi a ƙasashe fiye da 20, har da Afirka ta Kudu.

11/ Za ka ga tsohuwa da sandarta, uwa tana tura keken jariri, ga mai tumbi irina a can baya. In tafiya za ka yi ma babu mai hararar ka, kuma ba za ka zo na ƙarshe ba, akwai ɗan sa-kai da aikinsa ke nan ya rufe baya. Wallahi wannan ne ya cire min kunya.

12/ Kar ku ɗauka rigimar ta ƙare a zamanin baduku. A 2016 hukumar wata unguwa kusa da Bristol ta yanke cewa sai masu parkrun na filin Little Stoke sun riƙa biya. Masu shiryawa suka ƙi, gudun ya mutu a wurin.

13/ In za a yi adalci, hukumar tana da 'yar hujja. Ɗaruruwan ƙafafu duk mako suna cinye hanya, gyara kuma kuɗi ne. Amma wa kuɗin ƙofa ke kora? Gwanin gudu zai biya ko ya sauya fili. Wanda zai fasa shi ne mai ciwon suga da ke ta jan ƙafa, dama neman dalilin zama a gida yake. Shi kuwa ya fi kowa buƙatar filin.

14/ Na san wani zai ce "Malam, mai neman na tuwo ina ruwansa da gudu?" Ai shi ya fi ruwa da tsaki. Mai kuɗi yana da injin gudu a falo, in ya faɗi a fitar da shi waje. Talaka fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A ina zai yi in babu fili, babu gefen titi?

15/ Filin da muka buga ƙwallo muna yara a unguwarmu, da na je gida na tarar shaguna ne reras. Na tambayi abokaina yaushe aka yanka, kowa ya ce shi ma gani kawai ya yi an kawo bulo. Har da ni a masu laifin, ko waya ban ɗaga na tambaya ba.

16/ Shawarata: ku samu mutum 5 ko 10, bayan sallar Asuba, rana ɗaya tsayayya a mako. Ku zaɓi zagaye ɗaya a unguwa, ku auna shi da waya, ku riƙa bi. A ware wa iyaye mata lokacinsu. Ku gaida mai unguwa ya san da ku. Filin da ake ganin mutane a kai kullum ya fi wuyar sacewa.

17/ Jinina dai ya sauka alhamdulillah, da gudun da kuma bin maganar likita. Yanzu ku faɗa min a ƙasa: wane fili ne ya rage a unguwarku, kuma a hannun wa takardarsa take? Allah ya ƙara mana lafiya 🤲