Gwaji Ya Ce Lafiyata Kalau, Jikina Ya Ce A'a

Kwana biyu kun ji ni shiru, to jiki ne ya ƙi.

Tun da na dawo Potiskum daga Ingila nake fama da wata irin gajiya. Barci ba ya isa ta, gashina yana zuba a kan matashi, in na hau ɗan tudu sai zuciya ta kama dukan uku-uku. Ga jin sanyi, har a watan Afrilu da kowa ke kwana a tsakar gida. Da na duba intanet, duk alamun sun nuna tayirod, wato ƙullutun nan na gaban wuya da in ya kumbura muke kira maƙoƙo.

Na je Kano aka yi min gwajin TSH da T4. Sakamako ya fito daidai. Wanda ya duba ni ya ce, "Hajiya, ba ki da komai, je ki huta." Da na dawo gida Inna ta ce, "Ai dama na faɗa miki, wannan ba ciwon asibiti ba ne." Washegari sai ga rubutu da hayaƙi. Wata ƙawata a Landan kuma ta ce gwajin ne bai iya ba, in sayi maganin tayirod kawai in fara sha.

Duk ukunsu ban yarda da su ba. Gwajin nan tambaya ɗaya aka yi masa, ita kaɗai ya amsa. TSH saƙo ne da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana umartar tayirod ta yi aiki. In ta yi sanyi sai ya hau, in ta yi gaggawa sai ya sauka. In yana tsakanin kusan 0.4 da 4, to da wuya laifinta ne. Amma bai ce komai ba game da ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko ƙoda. Mu kuwa 'yan Yobe bai kamata mu yi wasa da ƙoda ba, kowa ya san halin da ake ciki a Gashuwa. Haka kuma garin da ya ga harin kasuwar shanu a 2012 da na makarantar kimiyya a 2014, ba abin mamaki ba ne a samu masu faɗuwar gaba da rashin barci alhali jininsu lafiya lau.

Shawarar ƙawata ce ta fi ba ni tsoro, don shan maganin tayirod ba tare da buƙata ba yana birkita bugun zuciya, yana kuma cin ƙashi a hankali.

Wata likita ce ta zauna ta yi min tambayoyi, har da na al'ada da abin da nake ci. Ta ce PCV yana iya fitowa daidai alhali rumbun sinadarin ayon na jiki ya kusa ƙarewa, sai ta tura ni gwajin feritin. Ya fito ƙasa sosai. Ashe shayin da nake kora abinci da shi, ɗabi'ar da na kwaso a Ingila, shi ma yana hana jiki ɗaukar ayon. Abin dariya, a garin da tireloli ke lodin shanu zuwa Kudu, ni ce ba na cin hanta.

Wata uku ke nan ina shan ƙwayoyin ƙarin jini. Gashi ya daina zuba, gajiya ta ragu amma ba ta tafi duka ba. Inna ta ce rubutunta ne ya yi aiki, ban yi mata musu ba. Wata mai zuwa zan koma a sake auna ni, kuma wannan karon har da ƙoda.