Gwaji A Gida Kafin A Kai Kasuwa

Manhajar kwamfuta ba kasafai mutum ɗaya ke rubuta ta ba. Sau da yawa mutum goma ne, ko ma ɗari, kowa da ɓangaren da aka danƙa masa. Rigima kan tashi ne ran haɗawa, don kuwa abin da ya yi aiki a hannun wannan yakan ƙi da zarar an gama shi da na wancan. Don maganin haka ne masana suka fito da dabarar haɗa aiki a kai a kai. Grady Booch ya ambace ta cikin 1991, sa'an nan Kent Beck da abokan aikinsa suka mai da ita al'ada a ƙarshen shekarun 1990.

Ga yadda abin yake. Duk sa'ad da ma'aikaci ya aika da gyaransa, wata kwamfuta can nesa za ta karɓa, ta harhaɗa manhajar, ta bi jerin gwaje-gwajen da aka tsara mata ɗaya bayan ɗaya. In ta ci karo da kuskure sai ta tsaya ta ba da labari. Jenkins, wadda ta fito a 2011, da GitHub Actions, wadda aka buɗe wa kowa a 2019, duk wannan aiki suke yi.

To amma akwai wahala a ciki. Mutum ya aika, ya zauna jira, can a ce masa harafi guda ya ɓata a takardar umarni. Ya gyara, ya sāke aikawa, ya sāke jira, har wuni ya ƙare. Lokacin kuwa kuɗi ne, domin GitHub minti 2,000 yake bai wa mai asusun kyauta a wata don ayyukan da ba na fili ba.

Saboda haka waɗansu suka ga gara mutum ya fara gwajin a kwamfutarsa. Docker, wadda ta fito a 2013, ita ta sauƙaƙa wannan, watau takan keɓe wani akwati a cikin kwamfuta mai kama da na'urar can nesa. Wata manhaja mai suna act takan karanta umarnin GitHub Actions ta gudanar da shi cikin irin wannan akwati. Solomon Hykes, wanda ya kafa Docker, shi da abokansa sun fito da Dagger a 2022, da nufin jerin gwaji guda ya yi aiki a gida da waje.

Sai dai mai karatu ya lura da iyakar abin. Akwatunan act na Linux ne, ba su tsaya a madadin Windows ko macOS ba. Sauko da manyansu yakan cinye data mai yawa. Har wa yau, wanda ya kwaso kalmomin sirrin ma'aikatarsu ya zuba a kwamfutarsa don gwaji, ran da aka sace ta, har da su za a tafi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin gida yana tsare mutum daga kai wa abokan aikinsa ɓarna, amma hukunci na ƙarshe yana hannun na'urar da kowa ya yarda da ita, don a can ne aikin kowa ke haɗuwa.