Mu Daina Ƙwace Musu Littafi

Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya. Kullum muna kukan ɗalibanmu na shiga kwaleji ba su iya insha'i ba, alhali mu ne masu ƙwace littafin soyayya a ƙarƙashin tebur. Har ƙona su aka yi a Kano a 2007! To, me wutar ta koyar?

Yarinyar da ta cinye In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino a dare ɗaya ai makaranciya ce. A sa ta rubuta wa iyayen Sumayya wasiƙa, ta kare auren talaka da hujja. Gobe kuma ta goyi bayan iyayen. In littafin da kuskuren ƙa'idar rubutu, mu miƙa mata jan biro ta gyara.