Lilon Ƙetare da Dodon Zango: Me Ya Kamata Masu Wuraren Wasa Su Koyo?

Sana'ar wuraren wasa na zamani, irin waɗanda ake yankar tikiti a shiga a hau lilo mai aiki da lantarki, ta ginu ne tun asali a kan leƙen maƙwabci. Kafin Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1955, sai da ya ziyarci lambun Tivoli na birnin Kofanhagan a ƙasar Danmak, wanda aka buɗe tun 1843. Abin da ya burge shi a can shi ne tsabtar wurin, da tsarin furanni da fitilu, da yadda iyaye da 'ya'yansu ke yini tare cikin natsuwa. Saboda haka babu abin kunya idan mai wurin wasa a Wagadugu, ko Kano, ko Yamai, ya tafi ƙetare ya ga yadda wasu ke yi. Muhawarar tana kan abin da zai dawo da shi. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, mafi yawan abin da ya cancanci a ɗauko ba ya fitowa a hoto, kuma Hausawan Wagadugu suna riƙe da wani abu da kuɗi ba sa saye a kasuwar injuna.

Ya kamata a fara da waɗanda maganar ta shafa. Fataken Hausa masu bin hanyar goro zuwa Gwanja sun daɗe suna yada zango a Wagadugu, har suka kafa unguwarsu a tsakiyar birnin, wadda aka sani da Zangouettin. A 2003 gwamnati ta rushe ta tare da wasu unguwanni na kusa da ita, a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. An tashi sama da mutum 10,000, aka ba su filaye a wajejen Ouaga 2000 da Nioko, sannan wani babban ɓangare na filin da aka share ya yi shekaru babu gini. Tare da gidajen, an rasa lungu da ƙofar gida da dandalin da yara ke taruwa bayan sallar isha'i. Yaron da aka haifa bayan wannan ƙaura ya tashi ne a birnin da filin wasa na kyauta ke ƙanƙancewa, wurin shiga da kuɗi kuma yake ƙara muhimmanci. A yau iyalin da ke son fita da yara ranar salla suna da wurare irin su Faso Parc, da kurmin Bangr-Weoogo da ke cikin gari. Yadda ake tafiyar da irin waɗannan wurare ya zama batun lafiyar yara da tarbiyyarsu, ya wuce batun ribar mai jari.

Wanda ya je Dubai ko Faris ya dawo, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ƙarfe: jirgin wasa mai hawa da gangara, da lilo mai kai mutum tsayin bene. Sayen irin wannan ƙarfe shi ne mafi sauƙin sashen aikin, musamman da yake ana samun na hannu da araha. Wahalar tana zuwa daga baya. Burkina Faso ba ta da gaɓar teku, don haka duk wani kayan gyara mai nauyi sai ya sauka a tashar Lome, ko Tema, ko Abijan, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye a kan titi, a kuma biya shi da kuɗin waje. Ƙurar hunturu tana shiga cikin giris ta cinye ƙarfe, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana gasa roba da kujeru, ɗaukewar wuta kuma tana iya tsayar da lilo da yara a sama. Injin da aka ƙera don sanyin Turai, idan babu makanikin da ya san shi a kusa, wata shida sun isa su mayar da shi abin ado. Ko a manyan ƙasashe an ga ƙarshen kwaikwayon siffa. A kusa da birnin Beijin na ƙasar Sin an fara gina wani wurin wasa mai suna Wonderland, da hasumiyoyi irin na Disney. Aikin ya tsaya a 1998, manoma suka ci gaba da shuka a gindin gine-ginen, har aka rushe su a 2013.

Darasi na farko da ya cancanci kuɗin jirgi shi ne kundin duba injuna. A wuraren da suka san aikinsu, kowace safiya kafin a buɗe ƙofa ana bin kowane lilo a duba noti da birki da ɗamarar kujera, a kunna shi babu kowa a ciki, sannan wanda ya duba ya sa hannu. Akwai ma'aunin tsayi da ke hana ƙaramin yaro hawa abin da ya fi ƙarfinsa, ko da uban ya nace. Akwai kuma doka mai tsauri cewa injin da ya nuna matsala a rufe shi har a gano dalili. Abin da ya faru a Dreamworld na ƙasar Ostireliya a watan Oktoba na 2016 ya nuna farashin sakaci: mutum 4 suka rasu a wani wasan kwale-kwale bayan injin tura ruwa ya tsaya, alhali ya riga ya tsaya a wannan rana an sake kunna shi. Binciken da aka kammala a 2020 ya ɗora laifin a kan raunin tsarin kula da lafiya na wurin baki ɗaya. Idan haka ta auku a ƙasa mai arziki da dokoki, mai wurin wasa a yankin Sahel, wanda rabin cinikinsa na iya taruwa a kwanakin salla da ƙarshen shekara, ya fi kowa bukatar wannan tarbiyya. A ranar da layi ya yi tsawo ne zuciya ke raya wa mutum ya ƙara yaro ɗaya a kujera.

Darasi na biyu shi ne sanin mutanen da za a yi wa hidima, kuma Disney kansa ya koye shi da tsada. Lokacin da kamfanin ya buɗe Euro Disney a kusa da Faris a 1992, ya ɗauko tsarin Amurka kusan yadda yake: otal-otal masu yawa da tsada, da ƙa'idojin cin abinci da ba su dace da al'adar Turawan yankin ba. Wurin ya tafka asara a shekarunsa na farko, sai da aka sauya farashi da wasu dokoki, aka kuma canja masa suna zuwa Disneyland Paris a 1994. Mai wurin wasa a Wagadugu yana da nasa lissafin. Iyalin da za su shigo masa na iya kai mutum takwas ko goma, don haka tikitin iyali ya fi na ɗaiɗai ma'ana. Inuwa da ruwan sha sun fi ƙarin lilo guda amfani. Wurin alwala da salla, da wurin zaman mata masu goyo, su ne ke sa iyali su kai magariba maimakon su tafi da la'asar. A watannin bazara kuma cinikin yamma da dare ne, wanda ke nufin fitilu masu kyau da tsaro a ƙofa.

Darasi na uku ya fito ne daga waɗanda suka yi gogayya da babban kamfani ba su mutu ba. Ocean Park na Hong Kong, wanda aka buɗe a 1977, ya ga Disneyland ya sauka a garinsa a 2005, mutane da dama suka ɗauka kwanansa ya ƙare. Masu tafiyar da shi sun nazarci abokin hamayyar, suka gyara tsabta da hidima, amma suka ƙarfafa abin da shi ba ya da shi, wato dabbobi na gaske da farashi mai sauƙi ga 'yan gari. Shekaru da dama bayan haka yana samun baƙi fiye da Disney. A Faransa, Parc Astérix da aka buɗe a 1989 ya dogara da labarun zane da yaran ƙasar suka tashi da su, Puy du Fou kuma ya faro a 1978 da wasan kwaikwayo na tarihin yankinsa, wanda mutanen ƙauyuka ke fitowa a ciki. Kowane ɗayansu ya ari dabarar gudanarwa daga waje, ya zuba mata labarin gida.

A nan ne Zango ke shigowa. Wasan dodo, wanda yaran Wagadugu ke yi da dare a watan azumi, ana danganta zuwansa birnin ga fataken Hausa na ƙarni na 19, kuma ɗan'uwan tashe ne na ƙasar Hausa. Yara kan haɗa ƙungiya, su ƙera fuskokin dabbobi da ƙwarya da tarkacen da suka tsinta, su ɗaura kacau-kacau a ƙafa, su bi gida-gida da kiɗa da rawa ana ba su tukuici. Wasan ya wuce hannun Hausawa ya zama na yaran birnin duka, Musulmi da Kirista, har hukumomi suka riƙa shirya masa gasa. Duk abin da manyan wuraren wasa ke kashe dukiya su ƙirƙira yana cikinsa: jarumai da yara suka sani, da sutura, da kiɗa, da labari. Birnin da ke karɓar bikin fina-finai na FESPACO tun 1969 da baje kolin sana'o'in hannu na SIAO ba ya rasa masu zane da maƙera da masu tsara wasa. Kusa da shi ma akwai abin dubawa: gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa dabbobi da bukkokin gargajiya da masu sana'a a wuri guda, iyalai kuma suna zuwa. Leƙen maƙwabci na iya farawa daga nan, inda rana da ƙura da aljihun jama'a suka yi kama.

Akwai hujjoji biyu da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko, yaro ba don langa ko 'yar gala-gala yake roƙon a kai shi wurin wasa ba; yana son abin da zai juya shi har ya yi ihu. Wannan gaskiya ne, kuma amsarta ita ce a sayi injuna kaɗan masu sauƙin gyara, a horar da makanikai biyu ko uku kafin kayan su iso, a ware kuɗin gyara tun daga cinikin ranar farko. Lilo huɗu masu aiki sun fi goma da rabinsu ke lulluɓe da tamfol. Hujja ta biyu ta fi zurfi: wasan da aka ɗauke daga titi aka sa bayan shinge, ana biya kafin a gani, yana iya rasa ransa, ya kuma fita daga hannun 'ya'yan talakawa da suka raya shi. Wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa shi ne wurin wasa ya ɗauki kansa a matsayin mai masauki: ya buɗe fili kyauta ga ƙungiyoyin unguwanni su yi atisaye, ya biya su idan sun yi wasa, ya nemi shawarar dattawa da malamai kan abin da ya dace da watan azumi, ya bar ragamar wasan a hannun yaran.

Hukumar birni ma tana da rabonta. Ita ce za ta wajabta binciken injuna daga wani jami'i mai zaman kansa kafin kowane lokacin biki, ita ce kuma za ta hana a mayar da sauran filayen unguwanni shaguna. Wurin shiga da kuɗi ƙari ne a kan dandali, ba zai taɓa maye gurbinsa ba.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Kakannin mutanen Zango sun san haka, domin sun yi ƙarni suna ɗauko kaya daga wata ƙasa zuwa wata, kuma ba sa ɗora wa jaki abin da kasuwar gaba ba za ta saya ba. Mai wurin wasan da zai tafi ƙetare ya nemi a nuna masa ɗakin gyara da kundin safiya kafin a kai shi kan lilo. Idan ya dawo, ya nemi tsofaffin 'yan dodo na Zangouettin a unguwannin da aka kai su, tun suna da ƙarfin nuna wa jikokinsu yadda ake taka rawar.